Tambayoyinku: Yaran Zaurena da Taswirar Kwali

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Akwai ɗan ƙanena maraya da nake riƙo, shekararsa 15. Tun bayan girbin bara shi da abokansa shida suka mayar da zaurena wurin zama. Da an idar da isha'i sai su kunna fitilar sola, ɗaya ya riƙa karanta musu littafin yaƙi daga waya, irin na sadaukai da aljanu da bokaye. Sun raɗa wa kansu sunayen da ban taɓa ji ba. Kwanan nan na tarar sun zana taswira a bayan kwalin taliya, da birane da koguna da dazuka, suna tura murafun lemo a kai, suna jefa ɗan lido, suna musu har murya na tashi. Uwargidana ta ce haka ƙungiyar asiri ke farawa, maƙwabcina ya ce caca ce. Yaron bai taɓa ɗaukar mini ko kwabo ba, amma sau biyu yana makara sallar asuba, ga damina na tafe. In kore su ne in ƙone kwalin? Amana ce a hannuna, ina tsoron abin da zan ce wa mahaifinsa gobe kiyama.
Daga wani magidanci, Jihar Jigawa

Wa alaikumus salam Baffa. Allah ya jiƙan ƙaninka, ya ba ka ladan riƙon maraya. Don Allah kada ka ƙone kwalin nan, kada kuma ka kore su. Bari in ba ka labarin abin da ya faru da mu.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel mu huɗu ne. Duk ranar Alhamis wanda aka aika kasuwar Maigatari shi muke danƙa wa 'yan kuɗin da muka haɗa, ya sayo littafi wurin mai baza su a kan buhu. Da dare mu zagaye aci-balbal a soron gidanmu, ni nake karantawa. Cikinmu akwai wani almajiri da bai san boko ba, amma duk ya fi mu riƙe sunayen sarakuna da dawakai, in na tsallake shafi shi yake kama ni. Da ya gaji da jiran dare sai ya matsa mini in koya masa baƙaƙen boko, kafin kaka ya fara karatu da kansa. Wata rana wani yayanmu ya shigo cikin fushi ya jefa littafin a murhu, ya ce kada ya sake ganin kowa a soron. Karatun ba mu daina ba. Wani kango muka koma a bayan gari, inda babu idon babba, kuma a kangon nan ne biyu daga cikinmu suka koyi shan taba a wurin wasu samari da muka tarar. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kai kuwa yara bakwai sun zaɓi zaurenka, da fitila a kunne, da murya a sama har kana ji daga cikin gida. Mai asiri ba ya yin haka. Sunayen da suka raɗa wa kansu na jaruman labarin ne, kamar yadda masu ƙwallo a filin makaranta ke kiran junansu da sunayen 'yan wasan da suke so.

Labarin aljanu da sadaukai kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin littafi akwai tatsuniyar kaka, da Gizo da Ƙoƙi da Dodo. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Abubakar Imam yana da shekara 22 ya shiga da Ruwan Bagaja, Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, dukansu cike da aljanu da tafiye-tafiyen ban mamaki, kuma su ne aka yi ta karantar da mu a aji shekara da shekaru. Ko wannan wasan na taswira da yaranka suka ƙirƙiro yana da ɗan'uwa a Amurka, sunansa Dungeons & Dragons, ya fito a 1974: mutum ɗaya ke jan labari, saura kowa ya ɗauki jarumi. A shekarun 1980 iyaye da yawa a can sun tsorata da shi, suna cewa bautar shaiɗan ce, kamar yadda uwargidanka ta tsorata. Yaranka da kwalin taliya da murafun lemo suka gina nasu, suka tsara dokoki, suka yarda su bi su. Ni wannan ya burge ni ƙwarai.

Amma maƙwabcinka da uwargida ba su yi maganar banza ba, akwai wuraren da zan so ka tsaya da ƙafarka.

Babba a ciki shi ne ɗan lidon nan. Hadisin da ya hana wasan nardu, wato wani wasa da ake jefa ƙwaya irin ta lido, yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, kuma malamai da yawa sun sa duk wasan da ya dogara ga jefa irin wannan ƙwaya a ƙarƙashinsa, ko da kuɗi ko babu. Risala da muke karantawa a zaure ta haɗa har da shaɗaranji, wato wasan chess, ta hana, duk da cewa a kansa akwai saɓani, Shafi'iyya na ganin makaruhi ne. Ni ba mai fatawa ba ne, ka ɗauki kwalin ka kai wa limaminku ya gani da idonsa, ka tambaye shi hukuncin darar gargajiya ma. In ya ba da dama, ga shawarata: a cire ɗan lido gaba ɗaya. Duk inda rundunoni biyu suka haɗu a taswira, masu su su sauka ƙasa su haƙa gurbi talatin, biyar a shida, kowa ya ɗauki 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa, wanda ya cinye shi ya ci birnin. Yaƙin ya koma na dabara ke nan, sa'a ta fita. Ina kuma kyautata zaton ka fi su iya dara nesa ba kusa ba. Ranar da ka zauna ka cinye sarkin yaƙinsu sau uku a jere, daga ranar kana da kujera a majalisar, kuma duk abin da ake yi a gabanka za a yi.

Kuɗi kuwa ko naira goma ce, ko alewa, ko katin waya, aka ce wanda ya ci ya ɗauka, ta zama caca. Ka faɗa musu sau ɗaya a fili, a gaban kowa, cewa ranar da ka ga haka zaman ya ƙare.

Sai littattafan kansu. Namu na da, kafin su iso hannunmu sun bi ta hannun mai bugawa. Na yanzu da yawa daga WhatsApp suke fitowa, ko a tura wa yaro a shagon caji, babu wanda ya tace. A ciki akwai masu kyau, akwai waɗanda ake cusa batsa a tsakiyar yaƙi, akwai masu ɗaukaka boka har yaro ya ji tsafi ne mafita. Ba sai ka iya karatun waya ba, Baffa. Ka shimfiɗa buzunka a bakin zaure dare biyu ko uku ka saurara. Ka tambaye su wane ne wannan sarkin, me ya sa aka kore shi daga birni. Za ka sha mamakin yadda za su yi ta rige-rigen ba ka amsa, a nan kuma za ka gane irin abin da ake zuba musu a kunne.

Maganar asuba da gona mai sauƙi ce. Ƙarfe goma a kashe fitila. Duk ranar da ɗaya ya makara masallaci, daren nan babu zama ga kowa, su da kansu za su riƙa tashin juna. In ruwa ya sauka aka fara shuka da noman farko, zama ya koma Juma'a da Asabar kawai.

In ka je kasuwa ka sayo masa littafin rubutu mai shafi 80 da biro biyu. Ka ce ya rubuta maka tarihin biranen da ke kan kwalin, wa ya kafa su, wa ya ci su da yaƙi, ya karanta maka in ya gama.

*

Malam, mu 'yan mata biyar ne a islamiyya ɗaya a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Muna rubuta labarin wata gimbiya mai yaƙi da aljanu, littafin na zagayawa, kowa ta ƙara babi. Da ya je hannun ƙawata sai ta kashe jarumar da ni na ƙirƙira, ba ta ko tambaye ni ba. Sati uku ke nan ba ma magana, littafin ya tsaya. Ni ce da laifi?
Daga wata ɗaliba, Jihar Kano

'Yata, jin zafin da kika yi daidai ne. Wata da watanni kina raino, aka kashe miki ita a shafi ɗaya. Amma gaba ta wuce kwana uku kin san ba ta halatta, ke ɗalibar islamiyya ce, don haka gobe ki fara yi mata sallama tun kafin a zo maganar littafi. Bayan nan ku zauna ku biyar ku sa doka a shafin farko: ba a kashe jarumar kowa sai da yardar mai ita. Wannan da ta riga ta faru kada ku yage shafin. Babi na gaba naki ne. Jarumarki tana da ƙanwa ko baiwa ko ɗiya da ta ga abin da ya faru? Ki ɗauko ta, ki ba ta takobin. Ki kuma tambayi ƙawarki me ya sa ta yi haka, wataƙila akwai inda take son kai labarin da ba ta samu bakin faɗa ba. In kun kai babi na goma ku kwafe da rubutu mai kyau ku aiko mana, zan karanta.