Ku Tambaya Mu Amsa: Yaƙin kan tebur sai mai kuɗi ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Unguwar Rogo nan Jos. Na jima ina kallon Turawa a YouTube suna jera ƙananan sojojin roba a tebur suna gwabzawa da ƙwayar lido da tef ɗin awo, abin ya shiga raina sosai, amma da na ga kuɗin kwali ɗaya na Warhammer sai jikina ya yi sanyi. Akwai inda talaka zai samu dokokin wasan kyauta? Sannan Baba ya ce kar ya sake ganin ƙwayar lido a gidansa, wai caca ce.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Toh, kwantar da hankalinka, abin da ya tsorata ka kuɗin sojoji ne, su dokoki kuwa ga su nan birjik a intanet. Kamfanin Games Workshop na garin Nottingham a Ingila, masu wasan da ake kira Warhammer 40,000 tun 1987, su kansu a 2023 sun saki ainihin dokokin bugu na 10 kyauta, don sun san a wajen sojojin suke cin ribarsu. Amma ni ba zan ce ka fara da shi ba, yana da nauyi, kafin ka gama karantawa sha'awar ta gudu.

Nemi shafin One Page Rules a intanet. Suna da Grimdark Future na yaƙin bindigogi da Age of Fantasy na takubba da dawakai, dokokin farko kyauta ne kuma gajeru, ka sauke a waya ka kai shagon kwamfuta a Terminus a buga maka. Abin da ya fi burge ni da su, ba ruwansu da wane irin soja ka jera, murfin kwalbar lemo ma in kun yarda kai da abokin wasanka cewa maharbi ne, toh ya zama maharbi. Kai ka motsa rukuni ɗaya shi ya motsa ɗaya, zagaye 4 an tashi, babu zaman jiran wani ya gama tura rundunarsa gaba ɗaya kana hamma. In kana son masu kamannin mutane, shafin Junior General na da sojojin takarda na zamani daban-daban, ka buga, ka manna a kwali, ka yanke da reza.

Duk awon da inci ake yin sa, don haka tef ɗin tela ya wadatar. Tebur ɗin wasannin One Page Rules ƙafa 6 ne da ƙafa 4, ni dai a tabarma na fara, na juya tsohon faranti ya zama tudu. Kuma kai da kake Jos ai an gama maka komai, ƙananan duwatsu ko'ina, garin katako kuwa ka je kasuwar Katako ka roƙi kafinta cikin leda, ka kwaɓa da gam da koren fenti, in ya bushe wallahi sai ka rantse ciyawa ce. Tsohon soson katifa a yayyage shi a soka a tsinke ya zama bishiya. In gini kake so ka leƙa gidan tarihi na Jos, akwai kwaikwayon ganuwar Kano a wurin, ka ɗauki hoto ka dawo ka gina taka da jar ƙasa a kan falanki, ta fi duk wata katangar roba da za a aiko maka daga waje.

Maganar Baba kuwa, kar ka yi gardama da shi, gidansa ne, kuma akwai malamai da yawa da ba sa son wasa da ƙwayar ko da ba kuɗi. Rubuta 1 zuwa 6 a 'yan takardu ka zuba a hula, a zaro a mayar, aikin ɗaya ne sai dai jinkiri. Ko ka nemi littafin dokokin wasa Little Wars da marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar a 1913, yana nan kyauta a shafin littattafai na Project Gutenberg, shi da 'yar igwar wasa ake harbin sojojin, wanda ya faɗi ya mutu. Ka kuma gaya wa Baba sojojin tsohuwar daular Prussia ta Jamus tun 1824 suka fara koyar da hafsoshinsu da irin wannan wasa a kan taswira, wataƙila ya sassauto.

TAMBAYA: Malam, ni 'ya'yana ne suka nace, biyu maza ɗaya mace, babban shekararsa 11. Ba zai koya musu faɗa ba kuwa? Daga wata uwa a Dogon Dutse.

AMSA: Hajiya, abin da zai fi koya musu awo ne da lissafi da jiran layi, kamar dai dara. Shawarata ɗaya, kin san garin namu, kar a raɗa wa rundunonin sunan wata unguwa ko ƙabila ko addini, a bar su ja da shuɗi. A fara da soja 10 kowane ɓangare, ke ki riƙe tef ɗin a wasan farko, don rigimar yara duk a kan rabin inci take tashi.