Yadda ake zaɓar girman ɓera ga mesa mai dunƙulewa

Tambaya: Maigida, ƙaramar mesar nan, irin mai dunƙule jikinta kamar ƙwallo, da aka kawo mana daga Daura, mai ita ya ce sau biyu tana amayar da abin da ya ba ta. Ya ce tunda ta iya haɗiye ɓeran, ai bai yi mata girma ba. Ta yaya zan gane girman da ya dace da ita?

Amsa: Ɗana, maganar mai ita ce tushen matsalar. Abin da mesa ke iya haɗiyewa daban, abin da cikinta ke iya narkarwa daban. Muƙamuƙinta na ƙasa ɓari biyu ne, wata jijiya mai talewa ce ta haɗa su a gaba, shi ya sa take iya zura abin da ya fi kanta kauri nesa ba kusa ba. Don haka kada ka auna abinci da bakinta. Da tsakiyar jikinta ake aunawa.

Ka samu zare ka zagaya wurin da ya fi kauri a jikinta, ka yi alama. Sai ka zagaya ƙugun ɓeran da zaren nan. In sun yi daidai, ko ɓeran ya ɗan gaza, ya yi. In ya zarce sosai, mayar da shi. Bayan ta ci, ya kamata ka ga ɗan kumburi kaɗan a cikinta, wanda zai baje cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In ka ga fata ta miƙe har tana leƙowa tsakanin ɓawon jikinta, ka cika mata hannu.

Amma ido yana yaudara, gashin ɓera ma yana ƙara masa girman da ba shi da shi. Sikeli ba ya ƙarya. Sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka riƙa ɗora mesar a cikin roba kana aunawa kafin ka ba ta abinci, ka rubuta a littafi. Ƙaramar da ba ta kai giram 500 ba, a ba ta ɓera mai nauyin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Wato mai giram 300 za ta ci na giram 30 zuwa 45, duk kwana bakwai. Sabuwar ƙyanƙyasa, wadda yawanci ba ta kai giram 100 ba, sai ɗan ɓeran da gashi ya fara fito masa, duk kwana biyar zuwa bakwai, kuma ba a fara ba ta sai ta yi saɓarta ta farko.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne su ci gaba da wannan lissafi har ta girma. Babbar mesa ba ta gina jiki kamar ƙarama, abin da ya yi saura kitse yake zama. Mai giram 1,500 ba ta bukatar fiye da kashi 5 zuwa 7, wato ɓera mai giram 75 zuwa 100 ko kusa da haka, sau ɗaya a mako biyu ko uku. Irin wannan mesa, wadda masana ke kira Python regius, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, saboda haka babbar gafiya ta yi mata girma ko da ta tsufa. Ka duba bayanta: lafiyayya jikinta kamar murhu mai duwatsu uku yake in ka hango shi ta gaba, amma kusurwoyin a zagaye. Ƙashin baya ya fito tsini, yunwa ce. Jiki ya zama mulmulalle, da naɗin kitse kusa da wutsiya, ƙiba ce, kuma tana gajarta mata kwana.

Yanzu batun aman. Ɓera mai girma yana daɗewa a ciki, ya fara ruɓewa kafin ruwan ciki ya cinye shi, sai ta dawo da shi. Sai dai ba girma kaɗai ke jawo haka ba, musamman a nan Katsina. Mesa da zafin waje take narkar da abinci. Gefe ɗaya na akwatinta ya kasance digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 25 zuwa 27. Da hunturu dare kan yi sanyi ƙasa da haka sosai, kuma ɓeran da ya yi mata daidai a watan Oktoba sai ya gagare ta a Janairu. In ba ka da tabbacin ɗumama akwatin saboda ɗauke wuta, rage girman abincin ko ka jinkirta. Da bazara kuma akasin haka ne, ka nemo mata wuri mai sanyi. Sannan kada kowa ya ɗauke ta sai bayan kwana biyu da cin abinci.

Wannan da ta yi amai sau biyu, bar ta mako biyu cur ba abinci, ruwa mai tsabta kawai, domin maƙogwaronta ya warke, cikinta ya huta. Daga nan ka ba ta rabin girman da lissafi ya nuna. Ta riƙe shi, sai ka ƙara kaɗan-kaɗan. In ta sake amai, sai likitan dabbobi, don tsutsar ciki ma tana kawo haka.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: ɓeran gida ko na rumbu ba ya shiga akwatin nan. Gaskiya ne a daji tana cin irin ɓeran nan mai yawan nonuwa, amma shi ne ke ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Haɗarin a kanka yake, kai mai kamawa. Ga kuma maganin ɓera da wataƙila ya ci, wanda zai bi shi har cikin mesar. Farin ɓera na kiwo kawai, wanda ka san abin da yake ci.

Kuma matacce ya fi mai rai. Ɓera mai rai in aka bar shi da mesar da ba ta jin yunwa, shi zai ci ta, ya gaigaye mata baya. Wanda aka daskarar, ka narkar da shi sarai, ka matsa cikinsa ka tabbatar babu sauran ƙanƙara, sannan ka sa shi a leda ka tsoma cikin ruwan ɗumi har ya yi zafin jikin mai rai. Ƙananan ramukan da ke leɓenta ɗumin jikin ɓera suke ganowa, ɓera mai sanyi ba za ta kula shi ba. Miƙa mata da dogon hantsaki bayan magariba. Wanda ya narke a firiza saboda rashin wuta har ya fara wari, zubar da shi.

In ta ƙi ci, kada ka yi gaggawar canza girma. Duba idonta, in ya yi hazo saɓa za ta yi. Manya kuma, musamman maza, sukan yi watanni ba su ci ba. Muddin sikeli bai nuna ta zubar da kusan kashi 10 na nauyinta ba, gwada ta bayan kwana goma da ɓera ɗan ƙarami.