Tsinken gwajin suga ba goro ba ne da za ka baza a faranti

Kai yaro, kana tambayata ko tsinken gwajin suga yana lalacewa kafin ranar da aka buga a kwali? Sosai ma. Ranar nan tana aiki ne idan an ajiye shi yadda kamfani ya ce, galibi kada zafi ya haura digiri 30. Kemis mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu, ai ya wuce 40. Sinadarin da ke bakin tsinken shi ke karanta sugan jini, zafi da laima kuwa su ne ajalinsa. Ido ba ya gani, lamba ce kawai za ta fito ta ƙarya a na'urar gwajin, mutum ya yi allurar insulin a kanta.

Robar da yake ciki tana da abin tsotse danshi, shi ya sa ake zaro ɗaya da busasshen hannu a rufe nan take. Wasu kamfanonin wata 3 zuwa 6 suke bayarwa bayan buɗewa, don haka a rubuta ranar da aka buɗe a jikin robar. Firij kuma, cire shi daga ranka: da an fito da robar raɓa za ta kama ta.

Amma ka ji tsiyar da wani mai saye ya tafka a shagon nan. Ya ɗauki roba mai guda 50, bayan 'yan kwanaki ya dawo yana ihu a gaban jama'a wai jabu aka sayar masa, suga yana hawa yana sauka ba kai ba gindi. Har da rantsuwa. Aka mayar masa da kuɗinsa don a rabu lafiya. Ashe tsohuwar robarsa da ta sha rana a mota ya cusa a sabon kwali, ya riƙe sabuwar! Lambar rukunin, wato wadda kamfani ke bugawa a kayan da ya haɗa tare, ta kwalin daban, ta jikin robar daban. Kuɗin bai dame ni ba kamar sunan shago da ya ɓata a unguwa, har yau akwai masu wuce mu.

Ku yaran yanzu waya ta ɗauke muku ido. Duk kayan da aka dawo da su, gwada lambar kwali da ta roba kafin ka taɓa aljihun tebur. Na gwajin maleriya da na ciki kuma, in ledar ta huje ko layin C, mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, a kwandon shara.