Na sayi mota ta hannu, takardun da sunan tsohon mai ita

Malam, ka ce ka sayi mota ta hannu, takardun kuma suna ɗauke da sunan mai ita na farko, kana tambaya ko ka bar su haka. Don Allah kada ka bari.

Fara da lambar shasi, wato lambar shaidar motar da aka buga a jikinta. Galibi haruffa da lambobi 17 ne, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da na takardar kwastam. Ko guda ya saɓa, ka dakata. Sannan ku rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka kai ofishin lasisin mota na jiharku a sauya suna.

Maƙwabcina ya yi ta jan ƙafa wajen sauya suna har tsohon mai motar ya rasu. Sai da ya bi magada gida-gida kafin ya samu sa hannu.