Sabunta manhajar lissafin shago: kuɗin me ake nema a wurinka?

Tambaya daga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota a Kumasi:

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan gyaran manyan motoci a Magazine, sari da ɗai-ɗai. Tun 2015 muke rubuta ciniki, kayan sito da bashin makanikai a kwamfuta. Yanzu yaron da ke duba mana ita ya ce abin da ke riƙe da bayanan, wai SQL Server 2014 Express, ya tsufa, kamfanin da ya yi shi ya daina kula da shi, sai an koma sabo. Ya nemi sidi 14,000 a dunƙule. Ni dai a idona kwamfutar tana aiki, sai ɗan nauyi da take yi. Windows 7 ce a kanta. Shin dole ne, ko hanyar cin kuɗi ce kawai?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Kan maganar tsufa, yaron bai yi maka ƙarya ba. Microsoft ta rufe tallafin SQL Server 2014 ranar 9 ga Yuli 2024, Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairu 2020 aka sallame ta. Wannan ba ya nufin gobe da safe kwamfutar za ta ƙi tashi. Abin da ya canja shi ne, in aka gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya shiga ta cikinta, babu mai aiko maka da faci. Akwai ƙarin wa'adi da ake saye da kuɗi, amma na manyan kamfanoni ne masu lasisin saye, bai shafi mai Express ba.

Da a ce kwamfutar a kulle take a ɗaki, ba ta taɓa ganin intanet ba, ba a soka mata filashi, da sai in ce akwai sauran lokaci. To amma na san yadda kwamfutar shago take rayuwa. A kanta ake buɗe WhatsApp a duba hotunan kaya daga Dubai ko Sin, a kanta yara ke kallon ƙwallo in kasuwa ta yi sanyi, akawu ma da filashinsa yake zuwa. A watan Mayu 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle bayanan jama'a a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, ta nemi kuɗin fansa. Ta kafar Windows ta shiga, kuma Microsoft ta riga ta fitar da facin tun watan Maris, waɗanda ba su ɗora ba su ne suka sha. Kai kuma yanzu ko kana so ka ɗora, babu abin ɗorawa. Saboda haka sauyin ya zama dole. Amma ba a kan wannan takardar farashi ba, kuma ba yadda yawancin yaran nan suke yin aikin ba.

Mu fara da kuɗin. SQL Server Express kyauta ne, tsohon da sabon duka, daga shafin Microsoft ake sauke shi ba a biyan ko fesuwa. Ban ce sidi 14,000 ya yi yawa ba, don mai yiwuwa har da kuɗin kwamfuta a ciki. Na ce dai ba ka san abin da kake saye ba, kuma kai da kanka ba za ka karɓi takardar kaya daga dila a rubuce "kayan mota, kaza" ba tare da an jera su ba. Ya rarrabe maka a rubuce: nawa ne na kwamfuta, nawa ne na lasisin Windows, nawa ne za a ba kamfanin da ya rubuta manhajar shagon, nawa ne ladan hannunsa. Layin SQL Server ya kamata ka ga sifiri a gabansa. In ka ga adadi, ya gaya maka wane nau'i ne zai saka da dalilinsa, ya kuma kawo rasit da sunan kasuwancinka.

Akwai abin da nake so ka sa wa ido a nan. Wasu masu gyara sukan saka nau'in gwaji, wanda Microsoft ke bayarwa na kwana 180. Wata shida komai lafiya, rana ɗaya sai rumbun bayanan ya ƙi buɗewa ga layi a bakin kanta. Wasu kuma su saka nau'in Developer, wanda kyauta ne amma don masu rubuta manhaja aka yi shi, lasisinsa bai halatta a yi ciniki a kansa ba. Ka ce ya nuna maka a fuskar kwamfuta sunan nau'in da ya saka, ka ɗauki hotonsa da waya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Manhajoji biyu ne a shagonka, ba ɗaya ba. Akwai wadda yaran kanta ke gani, suna danna lambar kaya tana buga rasit. Akwai kuma SQL Server a bayanta, wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, shi ke adana komai. Kai da ke Magazine ka fi ni sanin cewa ba a ɗora wa mota sabon inji sai an tabbatar zai haɗu da giyabos ɗin da ke jikinta. Manhajar kanta da aka rubuta wajen 2015 tana iya aiki da SQL Server 2022 lami lafiya, tana kuma iya buɗewa amma rahoton ƙarshen wata ya ƙi fita. Wanda ya san amsar shi ne kamfanin da ya rubuta ta. Kafin ka ba kowa ko sisi, a kira su a yi musu tambaya uku: wane zubin SQL Server suka gwada suka amince da shi, shin sai an sabunta tasu manhajar ita ma, kuma shin lasisinta a ɗaure yake da tsohuwar kwamfutar. Wannan ta ƙarshen takan kama mutane ranar aiki: an gama kwashe komai, sai manhajar ta nemi sabuwar lambar izini, ofishin kamfanin kuma a rufe sai Litinin.

In kuma kamfanin ya watse, ba wanda ke ɗaga waya, to maganar ta canja gaba ɗaya. Ba sabunta rumbu ne a gabanka ba, neman sabuwar manhajar shago ne, kuma wannan lissafi ne daban da za mu zauna a kansa.

In sun ba ka zaɓi, kada a kai ka 2016, ƙarshen tallafinsa Yuli 2026 ne. Na 2019 zai kai Janairu 2030, na 2022 kuma Janairu 2033. Ni 2022 zan ce, ko wanda ya biyo bayansa in masu manhajar sun gwada shi.

Abu mafi muhimmanci a duk wannan amsa shi ne hanyar ba ta komawa baya. Da zarar sabon SQL Server ya buɗe fayil ɗin bayananka, zai sauya masa tsari, tsohon ba zai sake iya karanta shi ba. Kwafin ajiyar da aka ɗauka daga 2022 ba ya shiga 2014, ko wane gwani aka kira. Shi ya sa ban yarda a yi aikin a kan tsohuwar kwamfutar ba. A naka yanayin ma ba zai yiwu ba, don SQL Server 2022 ba ya hawa Windows 7, kuma wannan alheri ne gare ka. A sayi wata kwamfutar, a saka mata komai sabo, a ɗauko kwafin bayanan a zuba a ciki, tsohuwar kuma a bar ta yadda take ko waya ɗaya kada a cire mata. In ta hannu za ka saya a Adum, ka tabbatar tana ɗaukar Windows 11, wato galibi mai Intel ƙarni na 8 zuwa sama, tunda Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Kuma da kanka za ka saya, rasit da sunanka.

Ka tuna Yuli 2007, lokacin da aka cire sifiri huɗu daga sidi, dubu goma ta koma sidi ɗaya? Babban Bankin Ghana bai janye tsohon kuɗi rana ɗaya ba, ya bar su suna yawo tare har ƙarshen Disamba. Irin wannan haƙurin nake so ka yi da tsohuwar kwamfutar, ko da na wata ɗaya ne. Sai dai a nan ba a rubuta ciniki a wuri biyu. Daga ranar da aka koma sabuwa, tsohuwar ta zama ta dubawa kawai.

Sai gwaji, kuma wannan aikinka ne kai da akawunka, ba na mai gyara ba, don shi bai san wane makanike ke bin ka canji ba, wane ne kake bi. A yi zubin gwaji mako guda kafin ranar sauyi. Da yamma bayan an rufe, a buga daga tsohuwar kwamfutar takardu uku: jimillar bashin da ake binka da wanda kake bi, yawan nau'o'in kaya da darajar sito, da cinikin watan jiya. A buga irinsu daga sabuwar. Ka shimfiɗa su a kan kanta gefe da gefe, biro a hannu. Sai sun yi daidai har fesuwa. Daga nan ka zaɓi mutum uku da ka san bashinsu a ka, misali direban da ya ɗauki kulochi da birki rabin kuɗi tun kafin azumi yana biya kaɗan-kaɗan ta MoMo, ka buɗe shafinsa ka bi layi-layi da ranakun. Sannan yaron kanta ya yi ciniki na ƙarya: ya shiga da sunansa, ya nemo fulogi da lambarsa, ya yi rangwame, ya buga rasit, ya mayar da kayan. Ka duba alamar sidi ta fito daidai a rasit ɗin ko ta koma alamar tambaya, ka duba kason haraji bai sauya ba. Sunayen shiga da kalmomin sirri na matakin SQL Server ba sa bin kwafin ajiya, sai an sake ƙirƙirarsu, don haka kwamfutocin kanta su ma kowacce a gwada ta haɗu da sabuwar.

Kan nauyin da ka ce tana yi, kada ka sa rai sabon zubi kaɗai zai magance shi. Sau da yawa tsohon faifai mai juyawa ne, faifan SSD a sabuwar kwamfuta shi zai kawo saurin da za ka gani. Amma a duba girman fayil ɗin. Express na 2014 da na 2022 duka iyakarsu gigabait 10 ga kowane rumbu. In naka ya kusa can, sauyin bai warware komai ba, sai an yi magana da masu manhajar kan ware tsofaffin shekaru.

In aka zo nan, wani zai ce maka a zubar da tsohon tarihi a fara sabon shafi da ragowar bashi kawai. Kada ka yarda a goge. Dokar gudanar da haraji ta 2016, Act 915, ta wajabta ajiye takardun kasuwanci aƙalla shekara shida, kuma ranar da jami'an GRA, hukumar harajin Ghana, suka zo bincike ba za su karɓi uzurin an canja kwamfuta ba. Haka nan sunaye da lambobin wayar kwastomominka suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012, Act 843. Kada kwafin rumbunka ya kwana a filashin mai gyara, kuma ranar da za ka rabu da tsohuwar kwamfutar, a cire faifanta ya zauna a wurinka.

Tambayar da ba ka yi ba, wadda ta fi damuna: ina kwafin ajiyarka na jiya? Express ba shi da sashen da ke tsara ɗaukar kwafi da kansa, sai an haɗa masa ta Windows ko ta manhajar shagon. Ka ce a nuna maka fayil ɗin, yawanci sunansa yana ƙarewa da .bak, ka dubi kwanan watansa. In na bara ne, ko kuma yana zaune a faifai ɗaya da asalin bayanan, to a gyara wannan yau, tun kafin maganar sabuntawa. Kwafi ɗaya a faifan waje da kake tafiya da shi gida, ɗaya a ma'ajiyar intanet, kuma a riƙa gwada zuba shi lokaci-lokaci a ga yana buɗewa.

Ranar aiki a sa ta yammacin Asabar zuwa Lahadi, ba dab da Kirsimeti ko Ista ba lokacin da motoci ke cika garejin, ba kuma makon ƙarshen wata ba in kana shigar da takardun VAT. A haɗa kwamfutar da batirin UPS mai lafiya, janareta na kusa, don ɗaukewar wuta a tsakiyar zuba bayanai na iya mayar da ku farko.

Biyan ladan kuma kashi uku: kafin alƙalami kaɗan, kashi na biyu ranar da takardun nan uku suka yi daidai, na ƙarshe bayan an rufe lissafin wata ɗaya cur a sabuwar ba tare da matsala ba. Kafin ka miƙa na ƙarshen, ya rubuta maka kalmar sirrin babban asusun rumbun, wanda sunansa "sa" ne a SQL Server, da ta Windows, da lambar lasisin manhajar shago. Ka gwada su da hannunka a gabansa, sannan ka sa takardar inda kake ajiye takardun shago.