Kafin ka sayi ɗakin da wani ya kama a Yankari

Wani matashi daga Yalwa ya ce ya ga ana tallar tikitin jirgin sama daga Bauchi zuwa Abuja a rabin kuɗi, wai mai shi ya fasa tafiya. Yana tambaya ko ya kamata ya saya.

Haba ɗana! Tikitin jirgi da sunan mai shi yake fitowa, kuma sai an gwada shi da katin shaidarka kafin ka hau. Kada ka saya.

Wata baiwar Allah daga Tudun Wadan Gombe ta rubuto cikin damuwa. Ta biya kuɗin ɗakin taro don bikin 'yarta, sai aka yi rasuwa a gidan ango, aka ɗage bikin. Ko za ta iya sayar wa wani da ranar?

Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ki fara zuwa wajen manajan wurin da rasit ɗinki, ki roƙi a matsar miki da ranar. In ya ƙi, ki nemi ya amince a sauya suna. Mai saye ya zo, ku zauna ku uku, a rubuta a sa hannu. Kada ki yarda da alat kawai, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna.

Sai wani magidanci daga Wunti a garin Bauchi da ya ga wani a Facebook yana sayar da kwana biyu a masaukin gandun dajin Yankari a watan Disamba da araha, har ya turo masa hoton rasit, yana tambaya ko ya kamata ya saya.

Malam, wannan hoton rasit ɗin shi ne abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Yaro mai waya zai gyara suna da kwanan wata kafin shayinka ya huce, ya sayar wa mutum biyar da ɗaki ɗaya. A ƙasashen waje akwai shafukan da ke riƙe kuɗin mai saye har sai otal ya tabbatar an sauya suna. Mu a nan cinikin a WhatsApp da Facebook yake, babu shamaki tsakaninka da wanda ba ka taɓa gani ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa: Disamba lokacin cunkoso ne, yaya za a yi mai ɗaki a hannu ya karyar da shi haka?

Ka duba tafiyar ma. Ka ɗebi iyali, ka sha mai ta hanyar Alkaleri fiye da kilomita 100, yara sun ɗaure kayan wanka suna ɗokin ruwan ɗumin Wikki, ka isa a ce ba a san da zamanka ba. Da wane ido za ka kalli uwargida?

Ka nemo lambar masaukin da kanka, ba wadda mai tallar ya ba ka ba. Ka tambaya ko akwai wannan ajiyar, ko ana sauya suna, ko kuɗin shiga da na motar kallon namun daji suna ciki. In sunan asusun da aka turo ya saɓa da na rasit, ko aka fara ce maka "wani ma yana so, yi sauri", ka janye.

Mai tambaya a kan sayen kujerar Hajji daga hannun wanda ya fasa kuwa, ka tafi Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiharka da ƙafarka kafin ka ba kowa ko sisi.