Gashin makwarwa da ulun kasuwa

Wato tambayarka ita ce, "Baba, me ya sa muke wahalar cakuɗa gashin zomo da na tunkiya, muna bin maharba neman gashin makwarwa, alhali ga ulu kala-kala a babbar kasuwar Gombe, har da mai ƙyalli?" Ajiye almakashin nan ka saurara, don ka fama min tsohon miki.

Wannan salo na ɗaura gashi mai laushi a ƙugiya daga arewacin Ingila ya fito, yankin Yokshaya, inda suke ɗaura zaren siliki da gashin makwarwarsu su kama kifi a ƙoramu ba tare da tana ba. Ni a hannun wani Bature injiniya na koya lokacin da ake aikin dam na Dadin Kowa, ina yaro ina ɗaukar masa kaya zuwa bakin Gongola. Tun ranar na gane cewa kifi ba ado yake kallo ba, motsi yake kallo. Gashin ƙirjin makwarwa laushi gare shi, da ruwa ya taɓa shi sai ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar ƙafafun ƙwaron da ke tasowa sama. Gashin wuyan zakara kuwa tauri ne da shi, na ƙugiyar da za ta yi yawo a saman ruwa ne. Idan makwarwa ta yi wuya, ƙananan gashin zabo ko na kaza mace za su yi.

Shi ma jikin da ake naɗawa a ƙugiyar haka ne. Ka taɓa ganin ƙwaro mai launi ɗaya tak? Babu. Shi ya sa nake fizgo gashin fuskar zomo, mai tsinin da mai laushin, in zuba ɗan na tunkiya, in murza a tafin hannu har su shiga juna. Mai laushin yana shan ruwa ya nutsar da ƙugiya, mai tsinin yana riƙe 'yan ƙwayoyin iska suna walƙiya. Ulu kuwa jiƙewa kawai yake yi ya dunƙule.

To ga abin da ulu ya yi min. Wata shekara, da hunturu, wani mutum ya zo da mota har ƙofar rumfar nan, ya ce yana da baƙi Turawa masu son kamun kawara da karfasa a ƙasan dam, yana son ƙugiya 150. Ya buɗe jaka ya fito da ulu ja da ruwan lemo da wasu gasun kaza da aka rina, ya ce da su zan yi, wai sun fi kyau a ido. Na ce Alhaji, wannan rini ba zai tsaya ba. Ya ce ai shi ke biya. Ga azumi ya matso, ga yara, sai na yi shiru. Ko kafin alƙalami ban karɓa ba, don na ga girmansa. Ƙugiyoyin nawa ne, lamba 12 da 14, waɗanda na yi wata uku ina jira daga Kano. Kwana 19 na yi ina ɗauri har da fitila, idona na zubar da ruwa.

Bayan sati ya dawo fuska a murtuke. Rinin ya zuba tun jifa na farko, ulun ya jiƙe ya dunƙule kamar tsumma, kifi ko kallo bai yi ba. A gaban mutane ya ce na cuce shi, na ba shi kunya wurin baƙinsa. Na ce to dawo min da ƙugiyoyina in warware. Ya ce sun ɓace a ruwa. Ƙugiya 150 su ɓace a sati ɗaya? Daga baya wani masunci ya nuna min guda a hannunsa, an kankare ulun, an sayar masa. Ɗaurina ne, na gane ƙullin kan. Har yau sisi bai shigo hannuna ba, kuma shekara biyu ana cewa kayana ba sa kamu. Wannan maganar ta fi kuɗin ci min rai, Allah ya isa.

Ku yaran yanzu komai sai mai ƙyalli, komai sai a gama yanzu a ɗauki hoto a waya. Jiya na ga ɗaurinka, ka naɗa gashi zagaye biyar kamar tsintsiya. Zagaye ɗaya da rabi, in ya yi yawa biyu. Ka fige gefe ɗaya na gashin, ka kama shi ta tsininsa. Jikin kuma siriri, yadda in ya jiƙe za a hango launin zaren ta ciki, kuma ka tuna siliki yana ƙara duhu a ruwa, don haka ka jiƙa ka gani kafin ka zaɓa. Fara zare da ƙullewa ba zan ɓata bakina ba, wannan ko ɗan goye ya sani. Kada kuma ka jefa wa tsage irin wannan, haƙoransa za su yanke maka zaren.

Miƙo min kakin zuman can, ka warware na jiyan duka ka sake, ina kallo.